Abin da ke bayan tsawar Sista

Shekara biyu ke nan da na yi kwana goma sha ɗaya ina jinyar mahaifina a wani asibitin gwamnati, bayan hawan jini ya kayar da shi ɓarin jikinsa ya shanye. Ɗakin maza ne, gadaje sun haura talatin, kowanne da mutum a kai, ga 'yan jinya mun baje tabarmi a tsakankanin gadajen da fulas-fulas ɗinmu da butoci. Nas biyu ne ke dutin dare. A dare na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya, ruwan da aka ɗaura wa Baba ya ƙare, na ga jini ya fara hawowa cikin siririyar robar. Hankalina ya tashi, na bi ɗakin ina neman wadda zan kira, na tarar da ɗayarsu a can ƙuryar ɗaki ta sunkuya kan wani gado. Na ce, "Sista, ruwan Baba ya ƙare." Ko waiwayowa ba ta yi ba. Na sake faɗa da ɗan ƙarfi. Sai ta juyo ta daka mini tsawar da ta tashi rabin ɗakin daga barci: "Malam, hannu nawa gare ni? Ka ga ina zaune ne?"

Na koma tabarmata raina a ɓace. Har na ciro waya na fara rubuta abin da zan saka a Facebook kan rashin imanin ma'aikatan asibiti, kuma na san da na saka, kafin gari ya waye mutum ɗari sun zo sun taya ni zagi, kowa da nasa labarin. Cajin wayar ne ya ƙare.

Wajen ƙarfe uku na fita yin alwala. A bayan ɗakin akwai 'yar matattakala kusa da famfo, a nan na gan ta zaune, ta cire takalmi ta ajiye gefe, ƙafafunta sun kumbura suntum, ta haɗa kai da gwiwa. Kuka take yi, irin wanda ba ya fitar da sauti, kafaɗa kawai ke rawa. Yaron da ke kan gadon ƙuryar nan, wani saurayi mai sikila da duk ɗakin muka saba da shi saboda barkwancinsa, ashe ya cika. A kansa take lokacin da nake kiranta. Da ta ji motsina ta ɗago, ta goge fuska da gefen hijabinta, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da ɗazu. Abokiyar aikina ta canza wa Baba ruwan ko?" Kafin in ba ta amsa wani ya ƙwala kira daga ciki, "Sista!" Ta zura takalmi ta tafi.

Tun daga daren nan na daina yarda da bayanin da muka fi so, wato wai nas-nas ɗinmu haka Allah ya yi su, masifaffu, likitocinmu kuma girman kai ke damunsu. Akwai masu hali irin wannan, zan zo kansu. Amma ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta shiga makarantar koyon aikin jinya tana da shekara goma sha takwas, mai tausayin da ko kaza ba ta iya kallon a yanka, ba ta wayi gari haka kawai ta zama mai hantarar mara lafiya ba. Wani abu ne ya cinye ta a hankali, kuma abin yana da suna, a Turance ana ce masa burnout. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin kundinta a matsayin lalurar da matsin aiki mai tsawo ke haifarwa, ta kuma faɗi alamominsa uku: gajiyar da barci ba ya maganinta, sanyin zuciya da nisanta kai daga aikin da mutanen da ake yi dominsu, da jin cewa duk ƙoƙarinka ba ya tsinana komai. Ku duba ta tsakiyar nan. Abin da mu 'yan jinya muke kira rashin imani, a wurin masana alamar ciwo ce.

Ƙanwata ungozoma ce, shekararta tara a ɗakin haihuwa. Na taɓa ce mata, "Ai ku kun saba da ganin mutuwa." Ta dube ni ta ce, "Yaya, ba a sabo da ita. Zuciya ce ke yin kanta, kamar tafin hannun manomi." Ta ba ni labarin wata mata da aka kawo musu daga ƙauye a a-kori-kura bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida. Ta haihu, jini ya ɓalle. Babu jini a ma'ajiyar asibitin, aka tura mijin ya nemo, yana can yana buga wa 'yan'uwa waya a haɗa kuɗi, NEPA ta ɗauke wuta, janareto babu mai. Da fitilar waya a baki ƙanwata ta riƙa danna mahaifar matar, tana jin ɗumin jinin yana bin hannunta har gwiwa, har matar ta daina amsa sunanta. Ta rufe ta da zane, ta wanke hannu, ta juya gado na gaba, domin mata uku ne ke kan gwiwa a lokacin. Babu wanda ya ce ta zauna ko da minti biyar. Da safe ta miƙa aiki, ta hau adaidaita, ta isa gida ta tarar da wanke-wanke da yaran da za a shirya wa makaranta. Wata shida bayan nan, in ji ta, in wayarta ta yi ƙara cikin dare sai gabanta ya yanke ya faɗi, ko da ba ta kan aiki. Kuma har yau takan yi mafarkin matar.

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duk duniya a Najeriya suke mutuwa, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da mafi nauyin wannan kaya. Muna karanta adadin mu girgiza kai saboda matan, kuma sun cancanci haka. Abin da ba ma lissafawa shi ne da yawansu a hannun wata suka cika, wadda ta san abin da ya kamata a yi, ta kuma san da akwai leda biyu ta jini da ba a kai ga haka ba. Wannan sanin shi ne abin da ya fi ci musu rai. Jahili kan ce kwana ne ya ƙare ya samu sauƙi a ransa. Ita ma ta yi imani da ƙarar kwana, amma ta san sunan maganin da babu.

In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitocin da ke aiki a ƙasar nan kusan 55,000 ne, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 200, kuma kimanin 16,000 sun tsallake zuwa ƙasashen waje cikin 'yan shekarun nan. Waɗanda suka rage ɗin ma kaso mai tsoka na Legas da Abuja. Kowane likita ko nas da ya tafi Ingila ko Saudiyya, marasa lafiyarsa ba su bi shi ba, suna nan kan benci da katinsu a hannu, an ɗora su kan wanda ya rage. Shi kuma wanda ya rage nauyin ya ninku, ya fara tunanin tasa hanyar. Haka abin ke cin kansa.

Sai maganar barci, wadda a ganina ita ce aka fi raina wa wayo. Matashin likita mai neman ƙwarewa yakan shigo aiki da safe, ya yini, ya kwana yana amsa kira, gari ya waye ya zagaya marasa lafiya tare da manyansa, ya shiga ɗakin ganin masu sha-ka-tafi, wani lokaci ya sake kwana. Wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 24 bai runtsa ba, saurin tunaninsa da daidaiton hannunsa sukan koma kamar na wanda ya sha giya fiye da ƙa'idar da ake barin mutum ya yi tuƙi a ƙasashe da yawa. Waye a cikinmu zai miƙa ɗansa ga likitan da ke warin giya? Amma muna miƙa shi kullum ga wanda rashin barci ya kai shi wannan matsayi, ya lissafa masa adadin maganin da ɗigo ɗaya ke raba waraka da ajali. Amurka ta ƙayyade wa irin waɗannan likitoci awa 80 a mako tun 2003, Turai kuma awa 48. A nan sai da ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ta gaji da jira ta umarci 'ya'yanta da kansu cewa daga farkon Oktoban 2025 kada wanda ya ƙara tsayawa kan kira fiye da awa 24 a jere. Ku lura, awa 24 ita ce sassaucin da ake fafutukar samu.

Ga kuma tsoro, wanda mu a Arewa muka fi kowa saninsa. A Fabrairun 2013 an harbe mata tara masu allurar rigakafin shan inna a Kano. A 2018 an sace ungozomomi biyu masu aiki da ƙungiyar agaji ta Red Cross a Rann ta jihar Borno, Saifura Hussaini Ahmed Khorsa da Hauwa Mohammed Liman, aka kashe su ɗaya bayan ɗaya. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan sun yi aiki kan wata mai juna biyu da ke ɗauke da cutar. A ƙarshen 2023 an ɗauke wata likita daga gidajen ma'aikatan asibitin ido na ƙasa da ke Kaduna, ta yi wata goma a hannun 'yan bindiga. Abokan aikin waɗannan mutane da wannan tsoro suke komawa bakin aiki. Kuma shekara da shekaru kuɗin da gwamnati ke biyan ma'aikacin lafiya a madadin haɗarin da yake shiga naira 5,000 ne a wata, sai a ƙarshen 2021 aka ƙara shi. Ban da wannan akwai ƙaramin tsoro na kullum, na dangin mamaci. Mutum ya kawo ɗan'uwansa bayan an gama yawon kemis da na masu magani, rai ya zo gargara, a ce ya sayo safar hannu da allura, kafin ya dawo mai yankan ƙauna ta yi aikinta, sai ya shaƙe wuyan nas. An bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya cinye kuɗin maganin yana gida cikin sanyin na'ura.

To, mutumin da duk wannan ya taru a kansa, ina zai kai kukansa? Wanzami ba ya son jarfa, kuma a nan yana da hujja. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba. Ko da yana da wanda zai gani, sau da yawa abokin aikinsa ne, ajinsu ɗaya a jami'a, kuma katinsa zai bi ta hannun ma'aikatan ajiyar fayil waɗanda suke gaisawa kullum. Kafin la'asar labari ya zaga asibiti: Dokta wane ya samu taɓi. A garinmu kalmar Dawanau kaɗai zagi ce, haka Kware a Sakkwato, haka Barnawa a Kaduna, saboda asibitocin ƙwaƙwalwar da ke can. Wa zai yarda a yi masa tiyata a hannun wanda aka ce an gani a layin masu ciwon damuwa? Wa zai ba shi 'ya? Don haka sai a yi shiru. Wasu su koma rubuta wa kansu maganin barci. Wasu, kuma wannan sirri ne da duk asibiti ya sani, su faɗa allurar kashe zafin ciwon nan da ake kira Penta, tunda makullin durowar na hannunsu. Ranar da asiri ya tonu, kora ce da tozarci, babu mai tambayar yadda aka faro.

A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawa. Abin a yaba ne, sai dai doka a takarda ba ta riƙe wa nas dutin dare. Kuma ku tuna mu ne mutanen da sashe na 231 na kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Penal Code, ya tanadar wa ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. Al'ummar da ta taso kan wannan tunani ba ta saba jin "na gaji, zuciyata ba daidai take ba" ta ɗauke shi a matsayin rashin lafiya ba.

Mu kanmu a gida, maganin da muke da shi guda ɗaya ne: haƙuri. "Ki yi haƙuri, aikin lada ne." Gaskiya ne aikin lada ne, kuma na ga yadda sallar dare da addu'a ke riƙe da yawansu a tsaye, ba na wasa da wannan. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da haƙuri marfin rufe baki, a ce wa wanda damuwa ta kama tawakkalinsa ne ya yi rauni. Annabi Yaƙub, tsira da aminci su tabbata a gare shi, baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa imaninsa ya gaza. A tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallama, akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki. Shi ne kuma ya hana sahabi azabtar da kansa da ibada, ya ce masa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In ibada ma an sa mata iyaka saboda jiki, ban ga dalilin da zai sa jadawalin asibiti ya zama ba shi da ita ba.

Na ce zan zo kan masu laifi a cikinsu. Ungozomar da ke marin mace tana naƙuda, tana gaya mata baƙar maganar da ba zan iya rubutawa a nan ba, gajiya ba ta wanke ta. Babban likitan da ake biya albashin gwamnati amma sai ƙarfe goma sha ɗaya ya leƙo, ƙarfe ɗaya ya wuce asibitinsa na kuɗi, ya bar yara da ɗaki cike, shi ma yana cikin masu ɗora wa wasu nauyin da ke karya su. Kuma akwai wata muguwar al'ada a cikin gidan nasu da ba a cika faɗa ba, ta manya su wulaƙanta ƙanana. A tsaye gaban mara lafiya da 'yan jinya babba zai zazzage ƙaramin likita, ya kira shi daƙiƙi, don ya manta sakamakon gwaji ɗaya bayan ya kwana a tsaye. In ƙaramin ya nemi hutu a ce masa, "Mu ma haka muka sha." Wanda aka yi wa haka da safe, a kan nas zai huce da rana, nas ta huce kan mai shara ko kan ɗan jinya irina da tsakar dare. Tsawar da na sha a daren nan, Allah kaɗai ya san daga ofishin da ta taso. Wannan ɓangaren ba ya jiran kasafin kuɗi, su da kansu za su iya gyara shi gobe in sun so.

Gwamnati kuwa, duk lokacin da ta tuna da matsalar, ƙofa take neman kullewa. A 2019 ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, wanda shi ma likita ne, ya ce muna da rarar likitoci, mai son tafiya ya tafi. A 2023 aka kawo ƙudiri a Majalisar Wakilai na hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara biyar. A 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta fito da sharaɗin sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje. Ɗaki na cin wuta, mai gida na neman kwaɗo. A Abuja ne, a 2001, shugabannin Afirka suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, kuma mu masu masaukin baƙi mun shafe mafi yawan shekarun nan muna yawo a wajen kashi biyar.

Ba na cikin masu ganin taron bita a otal kan yadda ake sarrafa damuwa zai yi wani amfani. An tara mutanen da ba su yi barci ba, an nuna musu hotuna a allo, an ce su riƙa motsa jiki da cin 'ya'yan itatuwa, an raba lemo da alawus, an watse. Abin da zai yi aiki ya fi wannan tsada kuma ya fi shi rashin armashi. A sa iyakar awannin aiki ta zama doka mai hukunci kan shugaban asibitin da ya karya ta, kuma duk ma'aikacin da ya tafi a ɗauki madadinsa nan take, kada a ce sai takarda ta yi shekara tana yawo a ma'aikatu alhali ga yara sun gama karatu suna zaune a gida. Ɗakin da likita zai miƙe bayansa ya zama yana da katifa da ruwa da makulli. In an yi mutuwa mai girgiza zuciya, a zaunar da waɗanda abin ya faru a hannunsu a saurare su, zaman da ba na neman mai laifi ba. Sannan, wanda na fi ba muhimmanci, a samar musu hanyar ganin masanin ƙwaƙwalwa a wajen asibitin da suke aiki, ko ta waya ce, inda babu fayil ɗin da zai bi ta hannun maƙwabci, kuma neman taimakon ba zai taɓa lasisinsu ko ƙarin girmansu ba. Muddin faɗin gaskiya zai ci wa mutum aikinsa, zai ci gaba da shiga ɗakin tiyata da ciwonsa a ɓoye, mu kuma muna kwance a gabansa.

Mu 'yan jinya ma da namu. Mutum ɗaya ke kwance, mu goma sha biyu mun cika ɗaki, kowa na son a yi masa bayani daga farko, kowa na da ɗan'uwa babba da zai kira a waya ya miƙa wa nas. Bayan daren nan na koyi tattara tambayoyina in yi su sau ɗaya, na koyi duba abin da ke hannunta kafin in buɗe baki, na kuma koyi cewa "sannu da aiki, Sista" kafin "ruwa ya ƙare". Ranar farko da na faɗa mata haka sai ta tsaya tana kallona kamar na yi wani yare.

A watan jiya ƙanwata ta zo gidana bayan magariba, ta zauna tana ta kewaye-kewaye, daga baya ta fito da maganar. Tana so in ranta mata kuɗin jarrabawar Turancin da ake buƙata kafin a ɗauki nas aiki a waje. Ashe wata huɗu ke nan tana karatu a ɓoye, a daren da ba ta da duti. Hajiyarmu da ta ji labari ta ce sam, wa zai riƙa karɓar haihuwar matan unguwa, kuma ina za ta kai yara? Ƙanwata ba ta yi musu da ita ba, ta dai ce, "Hajiya, rabon da in yi barci ba tare da magani ba tun kafin azumi." Na tura mata kuɗin washegari, ban gaya wa Hajiya ba tukuna.